Mun haɗa kuɗi mu kai Baba da Inna hutu a jirgin ruwa, sai rigima ta tashi kan wanda za a hau

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar makaranta ce a Birnin Kebbi, ni ce babbar mace a gidanmu. Mahaifinmu ya ajiye aiki bara bayan shekara 35 yana yi wa gwamnati hidima. Mu 'ya'yansa biyar muka haɗa kuɗi don mu kai shi hutu tare da Innarmu, tunda sun riga sun sauke farali. Tun muna yara Baba yake cewa yana so ya kwana a tsakiyar teku ko da sau ɗaya ne, shi ya sa muka tsayar da shawara a kan irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa. To daga nan rigima ta tashi. Ƙanena da ke Legas kullum sai ya turo bidiyon wani ƙaton jirgi mai suna Icon of the Seas, ya ce ko shi ko a fasa. Yayanmu kuma ya samo wani ejan a WhatsApp da ya ce akwai rangwame a Bahar Rum, amma a tura rabin kuɗi kafin Juma'a. Inna 'yar Yauri ce, tun haɗarin jirgin ruwan Warra, wanda akwai danginta a ciki, ba ta son zancen ruwa. Da na gaya mata, cewa ta yi, "Mi ad daɗin kwana bisa ruwa?" Baba yana fama da gwiwa da hawan jini. Kuɗin suna hannuna, kowa ni yake kira. Anti, wane jirgi za mu zaɓa, na wane kamfani?

Taki, wata 'yar Gesse.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa naku 'ya'yan su yi muku fiye da haka.

Kafin komai, kada ki tura wa ejan ɗin nan ko sisi kafin Juma'a, kada ma ki tura bayan Juma'a sai an yi abin da zan faɗa miki nan gaba. Duk wanda ya sa miki wa'adi na kwana uku a kan tafiyar da ko biza ba a nema ba, aljihunsa yake dubawa.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, abin da na lura shi ne ku biyar kuna ta zaɓen jirgi, amma mutum biyun da za su kwana a cikinsa ba a ji ta bakinsu sosai ba. Ƙanenki jirgin da shi yake so ya hau ya zaɓa. Yayanki farashi ya zaɓa. Inna ta yi tambaya, ba wanda ya ba ta amsa. Zan dawo kanta, amma bari mu fara da abin da zai rage miki rabin gardamar ba tare da kin ɓata da kowa ba, wato koren fasfon da ke hannun iyayenku.

Babu wani babban kamfanin jiragen shaƙatawa da ke ɗaukar fasinja a kai a kai daga Legas ko Fatakwal. Duk wanda za a hau, sai an tashi daga Birnin Kebbi zuwa Abuja ko a gangara Kano, a hau jirgin sama zuwa ƙasar da tashar take. Kuma biza ba ta ƙasar da za a hau kaɗai ake nema ba, har da ƙasashen da jirgin zai yada zango, ko da mutum ya ce shi ba zai sauka ba. A bakin tasha ake duba takardu, wanda nasa ba su cika ba a nan za a bar shi da akwatinsa, kuma ba a mayar da kuɗi. Fasfo ma so ake ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa, a kuma riƙe katin allurar shawara, wanda ake ce wa katin rawaya.

Yanzu ki auna jirgin ƙanenki da wannan ma'auni. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean ne, ya fara aiki a watan Janairun 2024, daga Miami ta Amurka yake tashi zuwa tsibiran Karibiyan ya dawo. Ke nan sai da bizar Amurka, kuma mai ba da damar fita da sake shiga. A watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara da take ba 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, daga baya ma lamarin ya ƙara tsanani. Wannan kaɗai ya isa. Amma ko da bizar tana hannu, ni ba zan sa Baba a jirgin nan ba. Tsawonsa kusan mita 365 ne, ya fi filin ƙwallo uku a jere, hawa ashirin, idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata sama da dubu biyu. An gina shi ne don iyalai masu yara da matasa masu jini a jika: wuraren sulu zuwa cikin ruwa, kiɗa, wasanni har tsakar dare. Dattijo mai ciwon gwiwa, daga ɗakinsa zuwa wurin cin abinci tafiya ce sau uku a rana, ga jiran lif, ga cunkoso. Ki gaya wa ƙanenki cikin raha ya ajiye bidiyon, idan Allah Ya hore ya kai amaryarsa.

Na Bahar Rum da yayanki ya kawo ya fi kusa da hankali. A can kamfanonin da aka fi sani da sauƙin farashi su ne MSC da Costa, suna zagayen kwana bakwai ta garuruwa irin su Jenowa da Basalona da Marsai da tashar da ke kusa da Rum. Ana buƙatar bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, kuɗinta yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024, ba a mayarwa idan an hana, kuma dole a nuna inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin jinyar aƙalla yuro 30,000. Idan jirgin zai leƙa Tunis ko Turkiyya ya dawo, sai mai shiga fiye da sau ɗaya. Lokaci mai daɗi a can shi ne Mayu ko Satumba zuwa Oktoba. Yuli da Agusta zafi da cikowa da tsada, da sanyi kuma teku ta fi motsi, kuma galibi a lokacin ne ake ganin irin rangwamen da ke sa mutum rawar jiki. Wani abin dubawa: akwai kamfanoni irin su AIDA da Mein Schiff da aka yi su don Jamusawa, sanarwa da jerin abinci da wasanni duk da Jamusanci. Farashinsu zai iya burge ki a intanet, amma ki yi tunanin Inna a zaune kwana bakwai ba ta gane ko "sannu" ba.

Ga yadda za ki gwada ejan ɗin. Ki ce ya rubuto miki sunan jirgin, ranar tashi, tashar da za a hau, jerin garuruwan da za a tsaya, da irin ɗakin. Ki shiga shafin kamfanin jirgin da kanki ki ga ko akwai wannan tafiya a wannan rana, da nawa suke sayarwa. Ki tambaye shi ofishinsa da rajistarsa, kuɗi kuma asusun kamfani ake turawa, ba asusun mutum ba. Bayan an biya kafin alƙalami, kamfanin jirgi yana fitar da lambar rajistar tafiya, wadda za ki iya sakawa a shafinsu ki ga sunan Baba da na Inna kamar yadda suke a fasfo. In babu wannan lamba, babu ɗaki. Sai babbar tambaya, kuma a rubuce za ki nemi amsarta: idan an hana biza, nawa za a dawo mana da shi? Kamfanoni suna karɓar cikon kuɗi wata biyu zuwa huɗu kafin tashi, kuma duk yadda ranar ta matso, abin da za a yanke wa mai fasawa ƙaruwa yake yi, har ya kai ga ba a mayar da komai. Ejan na gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Bari in ba ki labarin kaina, don ki san farashin da ake tallatawa ba shi ne kuɗin tafiya ba. Karon farko da na hau irin wannan jirgi, araha na bi. Na ɗauki ɗakin ciki, marar taga ko ɗaya. Daren farko na farka cikin duhu ƙirin, na rasa asuba ce ko hantsi, agogon wayata ya kama lokacin wata ƙasa da muka gifta, na yi alwala na fito sai na tarar rana ta take. A wurin binciken kaya kuma an riƙe mini kaskon turarena na lantarki da ƙaramin dutsen guga, aka ba ni 'yar takarda aka ce in karɓa ranar sauka. A jirgi babu abin da ake tsoro kamar gobara, don haka garwashi, turaren wuta, kyandir, dutsen guga da hita duk ba sa shiga ɗaki. Ki gaya wa Inna tun daga gida, ta riƙe humra da na fesawa. Daren ƙarshe sai ga takardar lissafi. A jirgi ba a taɓa kuɗi, katin ɗakinki shi ne makulli, shi ne walat, miƙawa kawai kike yi ana dannawa, ba kya jin zafin fitarsu. Na zauna bakin gado ina bin layi ɗaya bayan ɗaya: ruwan gora, lemo, intanet, wanki, motar da ta kai mu cikin gari, sai wani layi da ya maimaita kansa kullum, wai tukuicin ma'aikata. Ban san da shi ba. Kusan duk manyan kamfanoni suna sa shi a kan kowane fasinja kowace rana, a jiragen Amurka yakan kai dala 16 zuwa 20, a na Turai ya ɗan yi ƙasa. Mutum biyu, kwana bakwai, ki buga da canjin yau ki gani.

Saboda haka idan za ki kwatanta kamfani da kamfani, ki ɗauki takarda ki haɗa komai: kuɗin jirgin sama, biza, inshora, kwanan otal guda a garin da za a hau, tukuici, abin sha, yawon cikin gari. Farashin da ake rubutawa na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin su biyu ne a ɗaki, wanda zai kwana shi kaɗai yakan biya kusan ninki. Kuma ki yi hattara da tayin da aka ce "komai a ciki", sau da yawa abin da ya ɗaga farashinsa giya ce, ku da ba sha za ku yi ba. Akwai tsarin abin sha marar giya, shi za ki tambaya. Kwanan otal ɗin nan da na ambata kada a yi masa rowa. Jirgin ruwa ba motar tasha ba ce da za a ce direba ya dakata akwai mai zuwa. Da idona na ga wasu mata da miji suna gudu a bakin tasha da ledojin tsaraba, jirgi ya riga ya ja baya da taku kaɗan, mutane a sama suna ɗaga musu hannu. Ke kin san halin jiragen samanmu na cikin gida, a isa garin kwana ɗaya kafin ranar tashi.

Yanzu maganar da ta fi damun irinmu, wadda bidiyo ba ya nunawa: abinci da salla da abin da ido zai gani. Yawancin manyan jiragen nan akwai gidan caca a ciki, akwai mashaya a kowane hawa, bakin wurin wanka kuwa sai a kawar da kai. Mutum zai iya kauce musu, na yi, amma dattijan da suka saba daga gida sai masallaci za su ji a takure. Naman halal wasu kamfanoni suna tanadarwa idan an nema makonni kafin tafiya, wasu ba sa yi, sai a koma kan kifi da ƙwai da ganye da shinkafa, ana kuma tambaya ko an sa giya a miya. Kada a ce za a yi guzurin kilishi da dambun nama, ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi shigo da nama daga waje, jiragen ma ba sa karɓar dafaffen abincin gida. Banɗakin jirgi irin na jirgin sama ne mai zuƙa, galibi babu abin tsarki, ƙaramar buta ta roba tana cikin kayan da suka fi yi mini amfani. Alƙibla kuma juyawa take yi da juyawar jirgi, akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da ita nake kintata. Hukuncin ƙasaru da sallar cikin jirgi Baba ya zauna da malaminsa kafin tafiya, ba fagena ba ne.

Saboda wannan ne nake so ki duba hanyoyi biyu da babu wanda ya ambata a cikinku.

Ta farko AROYA, kamfanin Saudiyya, wanda ya fara jigila daga Jidda a watan Disamban 2024. An tsara shi don iyalan Larabawa da Musulmi: abinci halal, babu giya, babu caca, akwai wurin salla. Yana da gajerun tafiye-tafiye na 'yan kwanaki a Bahar Maliya, da bazara kuma ya yi zirga-zirga daga Istanbul. Jirgi ne babba, mai ɗaukar mutum sama da dubu uku, don haka zancen gwiwar Baba yana nan, amma hankalinsu zai fi kwanciya, kuma ana iya haɗa tafiyar da Umara. Sai dai kada ku ɗauka bizar Umara ta wadatar, a tambaya a rubuce ko tana ba da damar fita da jirgin ruwa a sake shigowa. A kuma duba halin da yankin yake ciki a lokacin, domin tun ƙarshen 2023 rikicin Bahar Maliya ya sa kamfanoni da yawa sauya hanya, jadawali yana canzawa.

Ta biyu, wadda zuciyata ta fi karkata gare ta saboda Inna, ita ce Kogin Nilu a Masar. Ƙananan jirage ne masu hawa huɗu ko biyar, suna tafiya tsakanin Luksor da Aswan, kwana huɗu idan an hau daga Luksor, uku idan an gangaro daga Aswan. Babu igiyar ruwa, babu jiri, babu tashin zuciya. Ko'ina aka duba ga gaɓa nan dama da hagu, ga dabino, ga manoma da shanunsu, ana jin kiran salla daga ƙauyuka. 'Yar Yauri za ta ga abin da ta sani ne, kogi da masunta, sai dai a kan gado mai laushi. Daga Oktoba zuwa Afrilu ake zuwa, da bazara zafin kudancin Masar ba ya da daɗi ko ga mu da muka san zafin Kebbi. Aibinsa biyu: da yawa daga jiragen ba su da lif, don haka a nemi ɗaki kusa da hawan da ake cin abinci, kuma yawon da ake kai mutane na gidajen tarihin Fir'aunoni ne da sassafe, da tafiyar ƙasa. Ba dole ba ne, wanda ya gaji ya zauna a inuwa a saman jirgi ya sha shayi. Na san Baba teku ya ce, ba kogi ba. Wannan sai ku tambaye shi: tekun yake so ko tafiya da matarsa hankalinta kwance?

Za ki ji wasu sun ce Afirka ta Kudu, domin MSC yana tashi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik a lokacin zafinsu, wajen Nuwamba zuwa Afrilu. Ga matasa ba laifi. Amma tekun wajen tana da motsi, kuma a wasu zangon jirgi ba ya matsawa gaɓa, a ƙananan kwale-kwale ake sauke mutane. Kin ga abin da Inna take gudu ke nan. Duk jirgin da za ku zaɓa, ki tambaya a kowane zango ko da ƙafa ake sauka ko da kwale-kwale.

Idan teku aka tsayar, ɗaki ya fi sunan kamfani muhimmanci. A nemi na tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne motsi ya fi sauƙi, goshi da wutsiya da can sama su ne ke lilo. Ya kasance kusa da lif, kuma a duba taswirar jirgin kada ya zama ƙarƙashin wurin rawa ko ɗakin girki. Kowa zai ce miki mai baranda ya fi, kuma ga Baba haka ne. Ga Inna ni mai taga zan ɗauka, taga mai labule, ranar da ta ga dama ta buɗe, ranar da gabanta ya faɗi ta ja abinta. Maganin hawan jinin Baba a jakar hannu, da kwalinsa da takardar likita, da ƙarin na 'yan kwanaki. Akwai likita a manyan jirage amma ganinsa da kuɗi ne, masu yawa kuwa, shi ya sa inshora ba ado ba ce. Maganin jiri kuma kada a saya a kemis a ba shi sai likitansa ya amince.

Sai Inna. Haɗarin Warra na watan Mayun 2021 ba ƙaramin abu ba ne, rayuka masu yawa suka salwanta, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Kada ku taru a kanta kuna cewa ai wannan ba irin wancan ba ne. Gaskiya ne ba irinsa ba ne: dokar teku ta duniya, wadda aka fara kafawa bayan nutsewar Titanic a 1912, ta wajabta rigar ceto ga kowane mutum da jiragen ceto da za su kwashe duk wanda ke ciki, kuma bayan haɗarin jirgin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, an tsaurara cewa a nuna wa fasinja wurin taruwarsa da yadda ake sa rigar tun a farkon tafiya. Ba a lodin da ya wuce ƙima, kowane kai a ƙirge yake. Amma tsoro ba ya jin lissafi. Ki je ke kaɗai, ba a waya ba, bayan la'asar lokacin da gida ya yi shiru. Ki nuna mata hoton ɗakin da na jirgin Nilu da gaɓarsa, ki bar ta ta yi tambayoyinta. Ki gaya mata ɗaya daga cikinku zai bi su, kuma lallai a sa kuɗin wannan rakiyar a lissafi tun yanzu, domin ban yarda a tura dattijai biyu su kaɗai su yi fama da filin jirgi da harshen da ba nasu ba. In ta ce a'a, a'ar ta zauna. Sai Baba ya yi kwana ukunsa a teku daga Jidda da ɗaya daga cikin mazan, ita kuma ke ki zauna da ita a Makka ko Madina har su dawo.

Ki kira taron 'yan uwanki ranar Asabar, bayan Juma'ar ejan ta wuce. Ki zo da takardar lissafi biyu, ta Nilu da ta Jidda, da amsar Inna. Ki rubuto mini abin da ta ce.